Rantsuwar da Yaya Isuhu Ya Ƙi Yi

Shekara bakwai ke nan da aka fitar da Yaya Isuhu daga gidanmu na Tasawa zuwa makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo, masa nake soyawa in raba sadaka, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin a daidai lokacin da nake wannan rubutu ƙofar gonar kifinsa da ke Korgom a kulle take. Matarsa Zeinabu na ciki tana jiran sakamakon awo daga Yamai, mu ma duk muna jira.

Ga wanda bai san shi ba, Isuhu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya fara yin nisa a lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu. Bayan karatun likitan dabbobi ya samu bursi, wato tallafin karatu, zuwa wata ƙasa ta arewacin Turai, inda ake kiwon wani kifi mai jan nama da suke kira somon, cikin manyan ragogi a bakin teku. Aikinsa a can, yadda ya sha bayyana mini yana zaune bisa turmi ina tankaɗe, shi ne neman dalilin da ya sa in cutar birus ta faɗa wa ƙananan kifaye, 'ya'yan wata uwa su ƙare ƙaf, na wata kuwa su tsira, alhali ruwansu ɗaya, abincinsu ɗaya. Ya ce masana sun gano abin gado ne daga iyaye. A wata cutar ma, wuri guda cikin ƙwayoyin gado shi ke riƙe da mafi yawan ƙarfin, kuma da aka riƙa zaɓen iyaye masu shi, mutuwar ta ja baya ƙwarai. Innarmu da ta ji ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ce, "Haka ne, Inna. Amma cikin garke duka, wace ce barewar? Shi muka tahi koyo."

Da ya dawo, kowa ya ɗauka a biro, wato ofis, zai zauna a Yamai. Sai ya nemi fili a Korgom, ya sa aka haƙa rijiyar foraj mai aiki da hasken rana, ya gina tabkuna na siminti, ya zuba kifin karfasa. Kowane dangin kifi da tabkinsa, da komarsa, da bokitinsa, ba a haɗawa. In wani abu ya ratsa ya kashe wasu, sai ya duba dangin da suka fi jurewa ya ɗauki iri daga cikinsu. An yi masa dariya a majalisa, ana cewa karatu ya yi masa yawa, har kifi ya raba wa zuri'a. Bai damu ba. Ya shiga ƙungiyar masu kiwon kifi ta yankin, wadda Kawu Habu, ƙanen innarmu, ke shugabanta, ya kuma riƙa ba waɗanda suka nema 'ya'yan kifi.

Wata bazara cuta ta shigo. Kifi ya daina cin abinci, ya taso sama yana juyi, fata ta saɓule, ido ya kumbura, kafin gari ya waye sai fararen cikkuna bisa ruwa. Daga Korgom har Kanan-Bakashe cikin Mayahi babu wanda ta bari. Kawu Habu, da ya sayar da shanun nomansa ya gina nasa tabkunan, bai tsira da ko na miya ba. A gonar Isuhu kuwa kaɗan suka mutu, sauran na ta iyo. Nan magana ta fara yawo: ruwa ba ya tsami banza. Wasu suka tuna shi ya ba su iri bara. Wasu suka ce daga Turai ya kwaso abin cikin kwalba.

Ranar kasuwar Korgom ce, bayan la'asar. Na zo a kabu-kabu in duba Zeinabu da ke da tsohon ciki, muna tsakar gida sai muka ji hayaniya. Na leƙa ta dangar kara, na ga maza cike da bakin gona, wasu riƙe da diga. Kawu Habu na gaba, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Isuhu, ni na riƙe ka a hannu ranar sunanka," in ji shi. "Ba ni son mutanen ga su taɓa maka kaya. Ka rantse muna kihinka ba su ɗauke da cutar ga, kowa ya koma gida."

Allah ya sani, a raina cewa nake ya rantse kawai. Mafita Kawu ya ba shi, kowa ma ya gane haka. Isuhu ya fuskanci Kawu.

"Kawu, ba ni iya rantsewa. Kihin da cuta ba ta kashe ba yana iya ɗaukarta cikin jikinshi ya ba wani. Na gani da idona a can. Ko nawa haka suke, ban sani ba."

Wurin ya ruɗe. Wani ya kai wa bangon tabkin farko sara da diga, ruwa ya fara tsiyaya. Zeinabu ta damƙe hannuna har sai da ya yi shaida. Isuhu ya je ya tsaya gaban tsagar, ruwa na jiƙa masa wando, ya ɗaga murya ya ce a ba shi sharaɗi: daga ranar ba kifi, ba koma, ba bokiti, ba ɗigon ruwa da zai fita gonarsa. A kai samfuri Yamai a auna. In an samu cutar, shi da hannunsa zai hallaka su. Kawu Habu ya karɓi digar daga hannun mai ita, ya ce haka za a yi, kuma wanda ya sake taɓa bango da shi zai yi.

Ma'aikatan da ke kula da kamun kifi suka zo suka ɗebi samfuri cikin ƙanƙara. Sai jira. Makonnin nan ban taɓa ganin masu nauyinsu ba. Mutanen da suka saba shan shayi a rumfarsa suka ɗauke ƙafa. A masallaci, in ya tsaya a sahu, sai an bar ɗan fili kusa da shi. Zeinabu ta haihu cikin wannan hali, aka yi suna da 'yan mutane da ba su cika tabarma biyu ba.

Sakamako ya zo: an samu cutar a duk tabkunan ban da na can ƙarshe, wanda dama ya ware shi nesa da sauran. Masu awon suka ce ba su iya faɗin wa ya shafa wa wani, ko daga nasa ta fita, ko shigowa ta yi. Bai tsaya jayayya ba. Ya aika aka kira Kawu da 'yan ƙungiya, aka haƙa rami, ya kwashe kifayen da ya yi shekaru yana zaɓa, lafiyayyu a ido suna tsalle, ya zuba, ya bi da farar ƙasa, ya rufe. Da ya zo Tasawa bayan nan na ajiye masa tuwo, ya wanke hannu, ya kasa kai loma. Ya ce mini, "Rabi, rabin rayuwata na binne."

Da tabkin nan guda ya sake farawa. Damina biyu kawai ya ƙara, ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya tafi ba a wanke shi daga zargi ba, shi kuma bai taɓa cewa ba shi da hannu ba, tunda bai sani ba. Har yau akwai gidajen da ba a ambatar sunansa da alheri, ban kuma ga laifinsu sosai ba, domin wanda ya yi asara ba ya rasa wanda zai nuna.

Yau jikokin wancan tabki sun bazu ko'ina. "Jinin Isuhu" ake ce musu, masu talla a kasuwanni na rantsuwa cewa ba sa mutuwa. Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ji. Na san ba zai ji daɗi ba. Ya sha faɗa mini cewa gadon juriya ba laya ba ne: ita ma cutar tana sauya kamanni, kuma ko a wajen masu somon, da duk kayan aikinsu, ba su taɓa sakin jiki ba. Me zai ce in ya ga ana yawo da 'ya'yan kifi cikin jarka a bayan moto, wato babur, daga wannan kasuwa zuwa waccan, koma ɗaya na shiga tabki goma? Me zai ce in ya ga ana ɗaukar iri daga uwa da 'ya'yanta shekara da shekaru, jini na ƙara ƙuntata? Sunansa muka riƙe, muka saki taka-tsantsan ɗinsa, alhali rigakafi ya fi magani.

Makon jiya Zeinabu ta kira ni. Ta tarar da wasu kifaye sun taso matattu. Yana iya zama zafi ne, yana iya zama ruwa ne ya gurɓace, yana kuma iya zama cutar ce ta dawo. A ranar tana da masu saye daga Mayahi, sauran kifin garau suke a ido, ga marayu a gabanta, babu kuma wanda ya gani sai ita. Ta kwashe matattun, ta sa kwaɗo a ƙofa, ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta ta sanar da ƙungiya da ma'aikata.

Da na isa Korgom, Kawu Habu na tarar a bakin ƙofar, zaune bisa buzu. Ya tsufa, ido ya yi rauni. Ya ajiye kwano da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, duk mai shiga sai ya tsoma takalmi, ni ma sai da na tsoma. Ina nan wani mai saye ya sauka daga moto da jarkoki, ya ce ai jinin Isuhu ne, ba abin da ke kama shi, a ba shi ko kaɗan.

"Mai shi bai taɓa hwaɗin haka ba," in ji Kawu. "Koma, ɗana, sai an ji daga Yamai."

Ban san abin da za a ji ba. Mai yiwuwa zuri'ar nan ta tsallake, mai yiwuwa nan ne ƙarshenta, kuma Zeinabu ta ce mini ta riga ta yi magana da masu haƙa rami ko da za a buƙace su. Da can ina zaton kifin ne gadon da Yaya ya bari, har nakan tsorata da ranar da zai ƙare. Yanzu na ga kifi na iya ƙarewa cikin mako guda. Abin da ba a aunawa a Yamai shi ne wanda ya sa mace mai marayu ta kulle ƙofar abincinta ba wanda ya sa ta, ya kuma zaunar da tsohon da ya fi kowa asara yana gadin ta.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya haskaka kabarinsa. Mai karatu, in ka idar da salla, ka sa Korgom cikin addu'a. Har yanzu wayar da muke jiran kiran Yamai a kanta ba ta yi ƙara ba.