Wana Ya Ɗauki Laifin Shanun da Na Kashe

Lokacin da arzikin man fetur ya fara isowa ƙauyukanmu, ni saurayi ne mai shekara ashirin da 'yan kai, ga ƙarfi ga saurin fushi, ban san ko harafi ɗaya ba. Muna zaune a wata 'yar unguwa kusa da Mabai a ƙasar Ƙanƙara, gida bakwai na Kirista a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi. Iyayenmu sun rasu, ina hannun wana. Har yau ina kewar zamanin nan. Rediyo rataye a ƙahon keke, rufin kwano yana ƙyalli inda da ciyawa ce, manyan motoci suna ta jigilar auduga. Da sallah maƙwabta su aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika musu da shinkafa. Gayya kuwa ba ta tambayar addinin kowa, in an sa rana kowa ya saɓa fartanyarsa ya nufi gonar mai gayya.

A shekarar da abin ya faru, wani Alhaji mai fataucin shanu a kasuwar Ƙanƙara ya ba wana kiwon bijimai biyu, mu yi huɗa da su, mu ciyar da su, in sun yi ƙiba ya sayar. A bainar jama'a ya ce ya zaɓi wana ne domin bai taɓa jin an kama shi da ƙarya ba. A wannan damina kuma malamin gona ya kawo mana takin zamani, fari tas kamar gishiri. Muka zuba wa masara, kafin mako biyu ta yi kore shar, kara ya yi kauri, har mutane suna zuwa kallo. To, al'adarmu ce mu jiƙa wa shanu kanwa a ruwan sha. Wata ranar kasuwa wana ba ya gida, na duba na ga kanwa ta ƙare. Sai zuciyata ta ce mini abin da ya sa masara ta yi wannan ƙiba ai zai yi wa sa haka. Na ɗebo takin ƙwarya guda na zuba a komin shan ruwansu, ina murna zan ba wana mamaki. Kafin la'asar cikinsu ya kumbura, kumfa tana fita ta baki, suka yi ta shure-shure har suka mutu a gabana. Na wanke komin, na jefa ƙwaryar cikin gona. Da wana ya dawo, ya dubi gawar shanun, ya dubi bakin buhun da na manta ban ɗaure ba, ya dube ni.

Washegari aka tara mu a ƙofar mai gari. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, a watan nan na yi faɗa da ɗaya daga cikin makiyayan Alhaji a bakin rafi har na cire masa haƙori. In da na ce ni ne, ba wanda zai yarda rashin sani ne, ga shi ana ta maganar kotu da gidan yari. Sai wana ya miƙe ya ce a hannunsa aka ba da amana, a gidansa ta salwanta, don haka shi zai ɗauka. Aka tambaye shi ko guba ya sa musu, ya ce ba shi da abin da zai ƙara. Alhaji ya kira shi maci amana, wani kuma daga cikin taron ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya mayar a kansa, ya ce Baba Alhaji ya yi haƙuri. A nan aka yanke a ba Alhaji fadamar da mahaifinmu ya bar mana. Ni ina tsaye a baya, bakina ya ƙi buɗuwa.

Fadamar ba ta yi mana ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Aka laƙaba wa wana suna mai guba. Matarsa tana yin daddawa, kowa ya daina saya. Da ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, matar ta kwana biyu tana shiri, ta tuƙa tuwon mutum talatin, ta dama fura. Mutum huɗu muka je, ni da mai bishararmu da tsofaffi biyu. Har 'yan majami'armu sun noƙe, suna gudun a shafa musu. Da yamma na ji tana roƙonsa cikin kuka ya gaya mata gaskiya ko da ita kaɗai ce, ya ce ta ƙara haƙuri. Ranar Lahadi mai bishara ya yi wa'azi cewa wanda aka hukunta don laifinsa ya jimre ba shi da abin yabo, amma wanda ya sha wuya ba da hakkinsa ba, ya jimre saboda Allah, ya bi sawun Almasihu, wanda aka zaga bai rama ba. Mutane suna ta satar kallon wana, ni kuwa kaina a ƙasa. Bayan kaka suka tattara suka koma wajen Damari a ƙasar Sabuwa, ya sari daji ya fara sabuwar gona. Ranar da ake loda kaya na tambaye shi ko in fito in faɗa, amma da muryar mai son a hana shi na tambaya. Ya ce in bari zukata su huce tukuna, sannan ni da kaina zan san lokaci. Na riƙe rabin maganar na farko, na yar da na biyun.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na yi leburancin titi a wajen Faskari, na sayi keke, na yi aure, har aka sa ni cikin dattawan majami'a. Duk ranar da abin ya taso mini, sai in ce ai an riga an biya, magana ta mutu. Haka ma nake jin wa'azin fansa: Yesu ya ɗauki zunubina a kan gicciye, shi ke nan, ba sauran abin da ya rage mini. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mai koyon karatu da girma ba ya gudu, yatsa yake sawa yana bin kalma ɗaya bayan ɗaya. Da haka wata rana na iso ayar nan da mai bishara ya taɓa yi mana wa'azi a kanta, na ga maganar ba ta tsaya inda na saba tsayar da ita ba. An ce ya ɗauki zunubanmu ne domin mu rabu da su mu komo ga gaskiya. Ni kuwa na mai da wahalar wana da ta Ubangijina rumfar da nake ɓuya a ciki.

Na hau mota na tafi Damari. Matar wana ta rasu damina biyu kafin nan, na je jana'izarta ma na dawo da bakina a rufe. Na durƙusa na ce Yaya, lokacin da ka ce zan sani ya wuce tuntuni. Ya yi dariya ya ce auta, ashe karatun nan yana da amfani. Sannan ya ce kada in ɗauke shi kamar Almasihu, shi kunya da asarar gona kawai ya iya ɗaukar mini, wanke zuciya ba aikinsa ba ne. Ya ce akwai ranakun da ya tsane ni, sai ya shiga gona ya kai ƙarata ga Allah har ya huce. Bai yi nadamar tsaya mini ba, in ji shi, abu ɗaya ne ke cinsa: ya sa matarsa cikin wahalar da bai shawarce ta ba, ta kuma mutu tana kokwanto a kansa.

Daga can na wuce wurin Alhaji, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na faɗa masa komai. Sai ya tambaye ni ko bijimansa sun yi mini kama da masara ne. Ya fara dariya, dariyar ta koma hawaye, yana ta istigfari. Ya sa aka tara mutane a ƙofar mai gari, na maimaita da bakina, ya mayar da fadamar, ya kuma sa aka kai shi har Damari ya nemi gafarar wana. 'Ya'yan wana ne ke noma fadamar yanzu. Shi ya ƙi dawowa, ya ce ba zai bar kabarin matarsa ba kowa kusa.

Abin da na koya shi ne, jimre wa zalunci saboda Allah abu ne mai daraja, amma darajar ta mai jimrewa ce, ba ta wanke wanda ya yi shiru ya bar shi a ciki. Fansa kuma kyauta ce da ba za mu iya biya ba, sai dai an fanshe mu ne don mu fito fili. Ina roƙon duk mai karanta wannan, in akwai wanda ke ɗauke da laifinka, kada haƙurinsa ya ruɗe ka. A bayansa akwai mata da 'ya'ya da ke shan wahalar da ba su zaɓa ba. Ka tashi ka je yau. Wana ya yafe mini, Alhaji ya yafe mini, na kuma gaskata Ubangiji ya gafarta mini. Amma wadda na fi so in durƙusa a gabanta, na makara.