Audugar Kunnen Gola

Shekara huɗu ina tsaron raga a filin Sabon Gari, kuma babu irin zagin da ban sha ba. Gola ya fi kowa kusa da 'yan kallo, bakinsu a ƙeyarsa yake. Ka kama ƙwallo su ce sa'a ce, ta wuce ka su ce an saye ka, daga nan sai a gangaro kan uwarka. Kullum nan ake ƙarewa.

Da farko nakan juya in rama. Na taɓa shaƙe wani mai faci har alƙalin wasa ya kore ni. Sai wani tsohon gola, wanda ya koma sayar da kifi a bakin gada, ya ba ni dabara, wai in riƙa cusa auduga a kunne. Wallahi ta yi aiki. Sai dai in ga bakuna suna motsi, ana ta miƙo mini daƙuwa, ni kuwa ko a jikina. Har na fara taƙama wai na zama mai haƙuri.

Inna ce ban yi tunaninta ba. Tun rasuwar Baba take suyar awara a gindin darbejiyar da ke bayan ragata, taku goma tsakaninmu. Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tanka wa wani a kaina a gaban mutane. Masu zagin nan kuma su ne masu saye a wurinta. Mutum zai gama ɗura mata ashar, ya juya ya ce a ƙara masa yaji, ta ƙara.

Ranar da 'yan Utai suka zura mana uku, na dawo gida a gajiye na tarar tana wanke kasko. Na zaro audugar na yar, ina ce mata ai ni yanzu ba na jin komai, su yi ta haushinsu.

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To madalla. In akwai saura, a sam mini."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Washegari na mayar wa kocinmu safar hannun da ya ba ni ta tsaron raga. Ya yi ta lallashi, na ce masa na gaji, kuma ba ƙarya na yi ba. Inna ba ta taɓa tambayata dalili ba. Ta ci gaba da suyarta a nan bayan raga, sai dai yanzu uwar wani ake zagi.