Motar Gas da Dawar Ƙanina

Da sunan Allah mai rahama nake farawa, kamar yadda malamanmu suka koya mana tun muna riƙe da alƙalamin kara.

Ƙanina ne ya so motar. Ni ina zaune a Yalwawa cikin Dutse tun da na bar koyar da Arabiyya a firamare, shi kuwa yana ƙauyenmu can bayan Jahun, yana riƙe da gonar gado. Gonar tana da nisa da gari, kuma kowace kaka shanunsa ne ke jan amalanke suna kawo amfani gida. Wata rana da damina ya zo ya ce ya ga wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, wadda aka daɗe ana dakon riɗi da ita a wajen Garki, yanzu an kafe ta a bayan wani gida. Ya ce shanun sun tsufa, zai sayar da su haɗe da amalanken, ni kuma in cika da abin da aka sallame ni da shi daga aiki. Na ce masa ban san komai a kan motar gas ba.

Ya ce, “Yaya, kai dai ka zauna a gaba da carbinka. Sauran aikina ne.”

Muka saya. Ba ta tashi, sai wata mota ce ta jawo ta har Dutse. Fara ce a da. Ƙofar direba da waya ake ɗaure ta, kuma kaji sun taɓa yin ƙwai a ƙarƙashin kujerar. Muka kai ta garejin wani bakanike mutumin Filato, Kirista, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙasa, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

“Baba Malam, wa ya sayar muku da wannan? Ku nuna mini shi in je in gaishe shi, wallahi ya iya kasuwa.”

Ƙanina ya yi dariya har da dafa bodi. Ya ce, “Oga, bar ganin fuska, duba ciki.”

Bakaniken ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana taɓe-taɓe. Daga ƙarshe ya ce injin yana da sauran rai, amma sai an yi haƙuri.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da zazzaɓi ya kama ƙanin nawa. Bai daɗe a kwance ba. Muka yi masa sutura, muka kai shi makwancinsa, muka zauna karɓar gaisuwa. Ya bar mata da yara ƙanana. Ban yi kuka ba, mutane suna ta cewa Malam ya yi tawakkali. Ni dai abin da na sani shi ne ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta. Ina sallah, ina cin abinci idan an ajiye, ina amsa amin.

Bayan an watse na dawo Dutse. Da safe na tsinci kaina a garejin, don ban san inda zan je ba. Bakaniken ya cire hularsa, ya ce, “Baba Malam, Allah ya ji ƙansa. Sai haƙuri.” Sannan ya nuna motar da haɓa. “A ci gaba ko a tsaya?”

Na ce a ci gaba. Geron dai maƙwabta sun ce za su yi gayya su kawo. Amma dawa tana tafe, ita ce abincin gidan na shekara, ga shi babu shanu, babu amalanke, matar kuma tana takaba ba ta fita.

Haka na zama ɗan gareji. Akwai wata kujerar mota da aka ciro aka ajiye a gindin darbejiya, nan nake zama. Aka cire famfon mai aka kai Kano, aka dawo da shi. Aka like lagireto, aka sake batir, aka nemo tayoyi na hannu. Idan ya faɗi sunan wani ƙarfe sai in rubuta da ajami a bayan kwalin sabulu, don hannuna ya fi sakewa a nan, in tafi shagon kayan gyara. Mai shagon yakan karɓi kwalin ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙo mini ya ce, “Alhaji, karanta mini, wannan ta fi ƙarfina.” In karanta, ya ɗauko. Idan azahar ta yi bakaniken yakan rage rediyonsa, ya turo mini buta da ƙafa ba tare da ya ɗago daga injin ba.

Wani gyaran ya ci, wani bai ci ba. Birki ya sha mu. Ƙofar direba kuwa har yau da waya ake ɗaure ta.

Ranar da ta tashi, baƙin hayaƙi ya cika garejin, tana girgiza kamar za ta watse, sannan ta daidaita. Bakaniken ya yi ihu ya buga bodi da tafin hannu, maƙwabtansa suka zo kallo. Ni ina tsaye, ina duban wani tsumma da ke rawa a kan madubi. Ya kama hannuna yana nuna mini abubuwa a cikin injin, nan kaza, can kaza, motar gas ba irin ta fetur ba ce. Ina gyaɗa kai, maganar tana wucewa ta gefen kunnena.

Ba a daɗe ba mai unguwarmu na can ƙauye ya kira ni a waya. A wajenmu idan kaka ta yi nisa, dagaci yakan sa a yi shela a faɗi ranar da za a saki shanun makiyaya su shiga gonaki su ci kara. Kafin ranar, saniyar da ta taɓa amfanin wani an yi ɓarna. Daga ranar kuwa, wanda ya bar kayansa a gona ba shi da ƙara wajen kowa. Mai unguwa ya ce an sa Lahadi. Dawar marigayi an girbe ta, an ɗaure, tana jibge a gona, kuma kowace amalanke a garin tana kan aikin mai ita.

Na tuƙo motar na kama hanyar ƙauye ranar Asabar. Maƙwabta suka fito, har da aminin marigayi, wani mai fawa da suka taso tare. Muka yi ta sawu tsakanin gona da gida, motar tana nishi a cikin yashi amma tana tafiya. Da magariba ta yi, sauran lodi guda, mafi girma, wanda ke can ƙarshen gonar. Aka ce a bari sai da sassafe, kafin a saki shanu.

Bayan sallar asuba muka fita, mutane a baya, ni da mai fawa a gaba. Mun yi rabin hanya sai motar ta yi tari, ta sake yi, ta mutu. Allurar mai tana nuna rabin tanki. Ashe tun a Dutse a nan take tsaye, ba wanda ya lura. Mai fawa ya karyo kara ya zura a tankin, ya fito a bushe. Wani da ke biye da mu a kan babur ya koma gari, ya samo jarkar gas wajen mai injin niƙa. Muka zuba. Na murɗa makulli, ta yi ta juyi ba ta kama ba.

“A tura!” in ji mai fawa. “Wace mota ce ba ta tashi da turi?”

Aka tura. Na sa giya na saki, ta yi tsalle ta tsaya. Aka sake, masu turin suna ta cacar baki.

“Kai, ka sa ƙarfi mana! Ko tuwon jiya bai kwana a cikinka ba?”

“Ni ne ban sa ƙarfi ba? Kai da ka dafa ta da yatsa biyu kamar mai gaisuwa da surukai!”

Kowa yana ganin turi ɗaya ya rage, shi ya sa babu wanda ya yi tunanin wucewa gaba ya tsare dawar. Na kira bakaniken, wayarsa a kashe. Sai na tuna Lahadi ce, yana coci. Rana ta ɗaga, mutanen suka jiƙe da gumi, batir ya fara sanyi. Sai da muka hango garke yana ratsa gonakin arewa sannan mai fawa ya ce innalillahi, ya karɓi babur ya nufi gonar. Sauran suka zube a gindin wata kuka. Ni na zauna a cikin motar, hannuna a kan sitiyari, ina jan salati.

Wajen azahar wayar ta yi ƙara.

“Baba Malam, yanzu muka fito. Lafiya?”

Na gaya masa.

“Kun tura? Ku tura ta har Maiduguri ba za ta tashi ba! Motar gas in ta shanye mai ƙaf iska take sha, sai an fitar. Ai na nuna maka. To bari, buɗe gaba.”

Ya sa na nemo wani ɗan murfi zagayayye a saman matatar mai, ya ce wani ya riƙa danna shi. Ni kuma ya sa na sassauta wani noti da sifana. Kumfa ta riƙa fitowa tana tsartuwa a hannuna. Ya ce kar a daina sai gas ya zo zalla. Da ya zo na ɗaure notin. Aka ɗan tura saboda batir, ta kama nan take.

A gona muka tarar da mai fawa tare da wani dattijon Bafulatani, yana tsaye da sandarsa a kan abin da ya rage. Shi ne ya kore garkensa da ya ga dammuna, amma kafin ya iso sun warware tulin, sun ci, sun tattake.

Ya ce, “Malam, mun ɗauka an kwashe. Gonar marigayi ce ko? Kowace shekara nan muke kwana da shanu mu bar masa taki. Allah ya gafarta masa.”

Na ce amin. An riga an yi shela, ba mu da ƙara. Muka durƙusa har da shi muna tsince zangarniyar da ba ta lalace ba daga cikin yashi, muka loda. Ba ta kai rabin bodi ba.

A gida aka zuba a rumbu. Da mutane suka watse, matar ƙanina ta yi magana daga bayan zana, ba na ganin ta.

“Yaya, sannunku da wahala. An gama?”

“An gama. Shanu sun taɓa na ƙarshen.”

Ina jin ƙaramin yaron yana tari a wajenta.

“Zai kai mu sabon gero?”

Na hau kan dutsen da ke gindin rumbun na leƙa. Na ce, “Ba zai kai ba. Sai an ƙara.”

“To. Allah ya rufa asiri.”

Na ce amin. Na ce mata motar za ta riƙa dako ranakun kasuwa, abin da ya samu za a auno dawa da shi a cike. Ta ce Allah ya saka da alheri, na ji ta ja takalmi ta koma ɗaki.

Aka kira la'asar. Na wanke hannuna da toka, na sake wankewa da sabulu, warin gas bai fita ba. Na yi alwala haka nan, na bi jam'i a sahun baya.