Wa Ya Tono Tabawa?

Iya Mai Ƙwai ba ta taɓa yarda da ƙwai ba, balle mutum. Tun tana da ƙarfinta take riƙe da ɗan shagon nan na ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran agogo da Mai Sabulu. Duk kiret ɗin da aka sauke mata sai ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga ƙwan ta duba a haske, ta girgiza shi a kunne, wanda ta yi kokwanto a kansa ta saka shi cikin robar ruwa ta ga ko zai taso. Mai kawo mata kaya ya yi rantsuwa har ya gaji ya daina. Yanzu in ya sauke, sai ya nemi benci ya zauna ya jira ta gama.

Haka take yi wa mutane. In ka gaishe ta da fara'a mai yawa, sai ta ƙara jawo jakarta kusa. In ka yabi zaninta, ta tambaye ka me kake so. Marigayi mijinta ya sha faɗa cewa in ya shigo da tsaraba, kafin ta buɗe ledar sai ta fara tambayar laifin da ya yi. Gaskiya sau da yawa zarginta ba ya zama komai. Amma 'yan lokutan da ta canka daidai, su kaɗai take tunawa, kuma duk layin nan babu wanda bai haddace labarinsu ba.

Abin da layin bai sani ba shi ne sunanta. Tabawa ne, sunan kakar ubanta, wanda ko a lokacin da aka sa mata shi ya riga ya tsufa. Tana yarinya in an kira ta a aji sai yara su waiwaya suna neman tsohuwar da ta shigo. Da ta girma aka koma ce mata Iya, sana'a kuma ta ƙara mata Mai Ƙwai, sai ta bar sunan ya kwanta, ba ta yi kewarsa ba ko kaɗan. Ɗanta Auta ma yana ɗan makaranta ya taɓa dawowa gida da fushi, wai malami ya tambayi sunan uwarsa, ya faɗa, aji ya fashe da dariya. Iya ba ta manta da wannan ranar ba.

Shi ya sa da matar Auta ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace, shi kuma ya zo shago yana sosa ƙeya ya ce sun yi shawara sunanta za su sa, sai Iya ta ajiye ƙwan da ke hannunta.

"Wane sunan?"

"Naki na gaskiya, Iya. Amma sai kin yarda."

Ta ce za ta yi tunani. Tana kallonsa har ya sha kwana, ranta kuwa ya riga ya ba ta cewa akwai wata a ƙasa.

Ai ta san surukarta. Malama ce a makarantar 'yan mata, mai tsabta, mai ladabi, amma tun cikin yana ƙarami take tara sunaye a waya, irin sunayen nan masu santsi da Iya ba ta iya riƙewa daga safe zuwa yamma. 'Yarsu ta fari ma irinsu aka sa mata, har yau Iya Ƙawata take ce mata don ta huta. To yaushe Malama ta fara sha'awar tsohon kaya? Wa ya tono Tabawa, kuma don me?

Da farko shagon ta zarga. Malama ta taɓa tsayawa a ƙofa tana auna shi da ido, ta ce da an yi masa fenti da ya yi kyau. Sai Iya ta ɗana tarko. Da ta je duba mai jego, ta jefa magana cewa tana tunanin bar wa mai agogo shagon ya faɗaɗa nasa. Malama ta ce ai gara ta huta, ta ci gaba da shayar da jaririya, ko girarta ba ta motsa ba. Iya ta dawo gida ranta a ɓace, don tarkon bai kama komai ba.

Sai ta koma kan Auta. Direban motar haya ne, ƙila ya yi wata ɓarna yana neman inda zai fake. Ta tare yaron motarsu ta yi masa tambayoyi ta nan ta can, har ya fara in'ina alhali ba shi da abin ɓoyewa. Aiki lafiya, mota lafiya.

Mai Sabulu, wadda ta shekara da shekaru tana shan wannan hali, ta ce mata don Allah ta bar yaran nan su so ta, ai ba laifi ba ne ɗa ya girmama uwarsa. Iya ta ce ai da ma yana son ta lokacin da aka haifi ta farin, me ya hana shi a wancan karon? Mai Sabulu ta juya tana jera kayan da suke a jere. Iya ta lura da wannan ma.

Daga nan ta fara lura da sauran. Auta, wanda da sai ta aika masa sau nawa kafin ya leƙo, yanzu kullum da safe yana zuwa ya ɗaga mata kiret. Babbar 'yarta da ke aure a nesa ta koma kiran waya ba dalili, tana tambayar ko ta ci abinci. Mai agogo da suka yi shekaru suna faɗa a kan ruwan da take zubarwa a gaban shagonsa ya daina magana, har shara yake haɗawa da nata gefen. Kowa ya yi laushi lokaci guda, ita kuwa ba ta son laushin da ba ta san tushensa ba.

Tana ɗaura zani wata safiya ta ji bakinsa ya wuce inda ya saba tsayawa. Ta tsaya da shi a hannu. Ashe haka ta rame? Watannin baya, da wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ya matsa mata, Auta ya kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Ranar karɓar sakamako likita ya ce ta bi nas a gwada nauyinta, ya riƙe Auta a ciki. Auta ya fito idonsa ja, ya ce mura ce ke damunsa, ita kuma gyambon ciki ne, magani zai warkar. A lokacin likitan ta zarga, ta ce so yake ya sayar musu da magani. Ɗanta ne kaɗai ba ta girgiza a kunne ba.

Ba ta buɗe shago ba ranar. Ta tafi gidan Auta, ta same shi a tsakar gida yana shanya kayan jaririya, Malama tana ɗaki tana barci. Iya ta shiga ta ɗauko yarinyar a hankali, ta zauna a kan kujerar roba kusa da igiyar shanya. Ta daɗe tana kallon 'yar fuskar, tana gwada sunan a zuci. Ya yi wa yarinyar nauyi, babu shakka. Za a yi mata dariya a aji, za ta dawo gida da fushi, kuma lokacin babu wadda za ta ce mata ita ma ta sha haka, ba a mutuwa da shi.

"Auta, me likitan nan ya ce maka?"

Ya ce ai ya faɗa mata, gyambon ciki. Yana magana yana gyara wata 'yar riga da ta riga ta shanyu daidai.

"Bar rigar nan ka dube ni."

Bai iya ba. Ya tsaya riƙe da igiyar, yana kuka, babban mutum mai 'ya'ya biyu. Iya ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Duk rayuwarta in ta canka daidai daɗi take ji. Wannan karon da za a ce mata ta yi kuskure, da ta gode.

Ba ta yi masa faɗa ba, ko da yake ta shirya yi tun a hanya. Ta bar shi ya share fuska, ya zo ya durƙusa gabanta, ya faɗi abin da likita ya ce, ba daɗi ba ragi: ciwon ba na warkewa ba ne. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce su sa sunan, amma da sharaɗi: ban da laƙabi, ban da gutsure shi don ya yi daɗin baki. Yadda yake haka za a riƙa kiran ta, da ƙarfi, kuma a riƙa kawo mata ita shago muddin tana iya buɗewa.

"Fara yanzu," in ji ta, ta miƙa masa jaririyar. "In ji ko bakinka zai iya."

Auta bai taɓa furta sunan a gabanta ba tun da aka haife shi. Ya karɓi 'yar, ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Tabawa."

Jaririyar ba ta ko motsa ba. Iya ce ta amsa.