Ruwan Motar Fermina

Tun da na fara kanikanci a garin Oruro ban taɓa haɗuwa da motar da ta raina mini hankali kamar bas ɗin Fermina Ajhuacho ba. Ruwan lagireto yana ɓacewa, amma ƙasa a bushe ƙarau. Kai da ka ji wannan ka san akwai rainin wayo a ciki.

Fermina 'yar Don Saturnino ce, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar ma'adinai daga tsaunuka. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya sayar da babbar, ya sayi ƙaramar bas, ya sami gurbi a ƙungiyar direbobin layin kasuwa. 'Ya'yansa maza duk sun tsere Ajantina aikin ɗinki. Fermina ce ta zauna, ita da ta koyi tuƙi a kan cinyarsa. Da idonsa ya dushe ta gaji motar da gurbin. Mazan ƙungiya suka karɓe ta da baki, a zuci kuwa kowa yana da ƙanin da yake so ya cusa a wurinta. Ita ba ta da dogon surutu. Ta ɗaure kitsonta biyu a baya, ta cusa ganyen koka a kumatu, ta ja motarta. Da motar nan take ciyar da uban da 'ya'yanta.

Ranar da ta fara kawo mini ita, farkon sanyi ne. Ta ce kullum da safe sai ta tarar ruwa ya ragu. Na ce wannan ai aikin shan shayi ne. Na matsa tiyo ɗaya bayan ɗaya, na sami wanda ya tsufa, na canza, na cika mata koren ruwan nan da ba ya daskarewa. Ba a yi mako ba ta dawo.

"Maestro Casimiro, tiyonka yana da kyau, amma ruwana bai gan shi ba," in ji ta.

Na haɗiye maganar. Na canza murfin lagireto, don a tudun nan namu ruwa ba ya wahalar tafasa, murfi mai rauni kuwa ya isa ya zubar da shi tururi. Ta dawo. Na duba famfon ruwa, ba ɗigo. Na buga wa lagireto iska na zuba wa allurar gwaji ido har idona ya yi ja, ko motsi. Na sa ta bar motar ta kwana a garejina, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Da safe kwali fes, ruwa cike taf. Ta tafi da ita gida, washegari ruwa ya ragu. Na rantse har zagin motar na yi, uwa da uba.

Ana cikin haka wata safiya ta makara, ba ta duba ruwa ba. A hawan kasuwa allurar zafin inji ta haye ja, tururi ya turnuƙe, fasinjoji suka sauka suna tsaki. Direbobi suna wucewa suna danna mata oda, wani ya leƙo yana tambaya ko an fara sayar da api ne, kunun masarar nan namu mai zafi, a ajiye masa kofi ɗaya. Sakataren ƙungiya ya kira ta ya ce in motar ta sake tsayawa da mutane a hanya, gurbin zai koma hannun wani.

Ta zo garejina ta zauna a kan tsohuwar taya. Abu ɗaya ya rage, kuma dukkanmu mun sani: gasket ɗin kan inji. In ta ƙone, ruwa ciki yake bi, ba a ganinsa a ƙasa. Sai dai baƙin mai bai yi fari ba, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Raina ya ɓaci sosai, don buɗe inji yana nufin kwanaki ba aiki, kuma ban ma yarda ita ce ba.

Na sake kwanciya a ƙarƙashin motar, don haushi kawai. Sai idona ya kai kan ɗan famfon da ke gindin lagireto, wanda ake buɗewa a zubar da ruwa. Komai a wurin baƙi ne da ƙura da maiko, shi kaɗai yana ƙyalli, ga sawun haƙoran filaya a jikinsa. Ni ban taɓa shi da filaya ba. Jini ya hau mini kai. Na ce wani ɗan iska daga ƙungiya ne ke tsallaka mata katanga, kuma yau sai na fasa masa baki.

Da yamma na bi ta gida da sifana a aljihu. Ta ajiye motar a tsakar gida, ta shiga ɗora tukunya, ni na rakuɓe bayan tulin buhunan dankali. Rana tana gab da faɗuwa sai ga Don Saturnino da ɗan daronsa. Kowa ya san shi da daron nan, wai wankin taya yake yi. Ya durƙusa da ƙyar, ya zaro filaya daga rigarsa, ya tara daron, ya murɗe famfon.

Na fito na ce, "Baba, me ake yi ne?"

Ya dube ni kamar ni ne mara hankali. Ya ce wane irin bakanike ne ni da ban san ba a barin ruwa ya kwana cikin inji da sanyi ba? Ƙanƙara za ta tsaga shi biyu. A zamaninsu kowane direba da yamma yake zubarwa, da asuba ya dafa ruwa ya mayar. Ya ce bai taɓa fashi ba, shi ya sa 'ya'yansa ba su taɓa kwana da yunwa ba. Daro ya cika, ya rufe famfon, ya ɗauka ya nufi kwata. Da ya dawo sai ya tsaya a tsakar gida yana kallon daron kamar bai taɓa ganinsa ba, ya tambaye ni ko ni na kawo shi.

Fermina tana bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Da asuba fa, Baba, wa yake mayar da ruwan?" ta tambaye shi a hankali.

"Ni mana. Wa kike da shi in ba ni ba?"

Washegari na cire famfon na ɗaura ƙusa mai kai shida, wadda filayarsa ba za ta iya ba. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba, bayan duk wahalar da na sha. Ruwa ya daina raguwa, allura ta zauna wurinta, gurbi ya tsira.

Bayan kwana biyu ta biyo canjin mai. Na ce ai yanzu sai ta yi barci da minshari. Ta ce kullum da yamma tsohon yana kwance ƙarƙashin motar yana fama da ƙusar har yatsunsa su fashe, sai ta janyo shi yana kuka yana cewa inji zai tsage, yara za su rasa abinci.

Ta tofar da ganyen bakinta, ta goge ido da bayan hannu.

"Da ma gasket ɗin ce, Maestro," ta ce. "Ita ana sayar da ita a kasuwa."