Yaya Uwani Ba Ta San A Hankali Ba

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Yaya Uwani a cikinku ya san ba ta amsa gaisuwa sai ta matsa damtsen mutum. Kina "Ina kwana?" ta riga ta cafke ki, ta matsa, ta taɓe baki. "Kai, wannan ko koko ba zai dama ba!" Ni da muke ciki ɗaya da ita, har ta koma ga Allah ban taɓa samun yabo ba. Wai hannuna kamar lagwani.

Ku yaran yanzu ba ku san mafarin abin ba. Baffanmu mai fito ne a kogin nan na Wudil, da kwalekwalensa da mashiginsa, can zamanin Turawa, ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai. Da ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai mu biyu. Sarkin Ruwa ya ce mashigin ya koma hannun Tanko, wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar zaure. Mu kuwa da mashigin nan muke ci, mu da tsohuwarmu.

Yaya ta yafa gyale ta tafi har ƙofar gidan Sarkin Ruwa, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba mu ruwa ni da Tanko. In ya riga ni hayewa, ya ɗauka."

"Ke Uwani, mace da tsere?"

"Ranka ya daɗe, ai kogin bai san ni mace ba ce."

Sarkin Ruwa ya yi dariya har da tari, ya ce ya yarda, amma duk damina in kogi ya cika sai an sake. Ranar farko wallahi Tanko yana tsakiyar ruwa tana can gaɓa tana gyara ɗankwali. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Masunta daga nesa suna zuwa gwada ta, su koma gida suna cewa kwalekwalensu ne ke yoyo.

Matsalar Yaya ɗaya ce, ba ta san a hankali ba. Ran Juma'a, ranar kasuwa, duk wanda ya shiga jirginta sai ya yi salati. Na tuna wani dattijo daga Utai da akuyarsa. Tana saka filafili a ruwa ya rungume akuyar nan, hularsa ta bi kogi.

"Baiwar Allah, ni fa ba sauri nake ba!"

"Baba, ni nake sauri."

Da suka isa ya ƙi sauka, wai ƙafafunsa ba su iso ba tukuna.

Mijinta kuwa, Malam Audu, Allah ya jiƙansa, ruwan alwala kaɗai ya yarda da shi. Sau ɗaya ta lallaɓa shi ya shiga, za su gaisuwa Lajawa. Da za a dawo ya ce shi ƙafa Allah ya ba shi, ya yi zagaye, bai iso gida ba sai la'asar sakaliya. Ta tare shi da furarsa a dame, tana cewa, "Malam, sannu da zuwa daga Makka."

To, shekarar da ciwo ya kama ta a ƙirji, duk mun san babu ƙarfi. Ta rame, tari ya hana ta sakat. Na roƙe ta har da kuka ta bar tseren shekarar. Ta ce in rufe mata baki.

Aka shiga ruwa. Tun kafin tsakiya muka ga tuƙinta ya yi rauni. Sai Tanko, bawan Allah, ya fara sassautawa, yana tsoma filafili kamar mai wanke cokali. Ta waiwaya ta gan shi. Jama'a, sai ta tsayar da jirgi cak!

"Tanko! Ni za ka yi wa sadaka? Ni Uwani?"

"Haba Uwani, kafaɗata ce ta riƙe."

"Ƙarya kake! Ka tuƙa, ko in fasa maka kai da filafilin nan!"

Ya tuƙa. Yana tuƙi yana hawaye, ƙato da gemu, har ya riga ta. A gaɓa ko mai guɗa ba a samu ba. Ni kam na san mashigin Baffa ya tafi. Ta iso tana haki, ta fito, ta kama damtsensa a gaban kowa ta matsa.

"To, ba laifi," in ji ta.

Shi ke nan yabon da na taɓa ji a bakinta. Tanko ya karɓi mashigi, don ta rantse in ya ƙi ba ta yafe ba, amma tun daga ranar ba a taɓa ɗora tukunya a gidansa ba sai an aiko da rabonmu.

Ba ta ga kaka ba. Maƙabartar danginmu tana hayi, kogi kuma bai janye ba, sai aka sa makara a jirgin Tanko. Mu mata muna leƙe ta katangar bayan gida muna kuka. Ai kuwa sai muka ga jirgin nan ya tashi kamar an harba kibiya! Liman ya dafe rawani yana "Tanko, a hankali, gawa ce fa!"

Har inda muke mun jiyo muryar Tanko: "Allah gafarta Malam, in na je a hankali ba za ta yafe min ba."

Muka rasa kuka za mu yi ko dariya, muka haɗa duka biyun.

Allah ya jiƙan Yaya Uwani, ya yafe mata kurakuranta. Ya Allah, ka san baiwarka ba ta iya jira ba. Ranar da za a hau siraɗi, ka sa ta haye kamar walƙiya, ta tsaya a can gaɓar ta jira mu. Amin.