Ƙofar da Cleon Mabry Ya Toshe

A gundumarmu ta kudancin jihar Jojiya, duk hanyar da ka ɗauko, za ta kai ka kotu. Tana tsakiyar gari, jan bulo hawa biyu, fararen ginshiƙai a gaba, hasumiyar agogo a ka. Cleon Mabry, maginin garinmu, yakan ce kakansa na cikin fursunonin da suka gasa bulon, da mari a ƙafa.

Ta baya akwai wata 'yar ƙofa da matattakala mai ƙunci, wadda ke kai mutum baranda a saman zauren shari'a. Nan ne mazauninmu, mu baƙar fata. Daga can Cleon, yana saurayi, ya kalli yadda aka yanke wa ƙaninsa Otha ɗaurin rai-da-rai, wai ya ƙona rumbun audugar wani bature. Wajen saukowa sai goya mahaifiyarsu ya yi. Otha bai dawo ba, a gonar fursuna ya rasu.

Shekaru suka ja, doka ta canza, kowa ya koma shiga ta gaba. Da aka tashi gyaran ginin, shugaban gunduma ya kira Cleon.

"Babu mai hannunka a garin nan. Ka toshe ƙofar bayan can, yadda ba wanda zai gane an taɓa yin ta."

Cleon ya tafi wurin yayarsa Vernice, ya same ta tana ɓarar wake a bakin ƙofa.

"Toshe ta mana!" in ji ta. "Me kake jira, a buga maka ganga?"

"Yaya, in na toshe, gobe sai su ce ba a yi ba."

"Su ce! Ni ai na san an yi. Duk sanda na bi ta wurin sai na ji kukan Mama. Kai dai taurin kanka ya fi na alfadarin Baba."

Ya toshe. Ya tono tsohon bulo daga wani rusasshen bututun hayaƙi don launi ya zo ɗaya, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Mutane suka yi ta yaba masa a kanti da bakin coci, shi ko duk yabon kamar ana zuba masa gishiri a miki. Ya daina bi ta tsakiyar gari, sai ya zagaya ta hanyar jirgi. Wata ranar Lahadi, ana cin kaza a gidan Vernice, ya ce ita ta zuga shi. Ta ajiye cokali, ta nuna masa hanya. Ba su sake zama tare ba sai da ta kwanta ciwon ajali.

Daga baya gunduma ta gina sabuwar kotu a bakin babban titi, mai kama da ɗakin ajiya. Tsohuwar ta fara yoyo, tattabaru suka tare a hasumiya. Wasu matasa, farare da baƙaƙe, suka tashi neman a hana rushe ta. Suka je wurin Cleon, ya riga ya tsufa, ido ya yi rauni.

"Kawu Cleon," in ji wata malamar makaranta, "in ka yi magana a taro, za su ji."

Ya daɗe yana murza gwiwa.

"'Yar nan, in na ce a rushe, na yi ƙarya. In na ce a bari ma, ban san bakin da zan faɗa da shi ba. Ku nemi wani."

Da sanyi ya shigo, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa birni, can ya rasu. An kewaye tsohuwar kotun da waya, har yau ba a gama gardama a kanta ba.